Wu Shangshi: Malamin da ya gano tsohon bakin teku a cikin birnin Guangzhou

A gundumar Haizhu da ke kudancin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, akwai wani ɗan tudu na jan dutse da ake kira Qixinggang, wato Tudun Taurari Bakwai. Gidaje da tituna sun kewaye shi, kuma daga nan zuwa buɗaɗɗen teku tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Duk da wannan nisa, a gindin tudun akwai wani kogo da shimfiɗaɗɗen dutse a gabansa, irin waɗanda ake gani a inda igiyar teku ta daɗe tana dukan gaɓa. Mutumin da ya fara gane ma'anar wannan wuri shi ne Wu Shangshi, malamin ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Sun Yat-sen, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1947.

Shekara 43 kacal ya yi a duniya, kuma yaƙi ya cinye kusan takwas daga cikin shekarun aikinsa. Amma abin da ya gano a watan Mayun 1937 ya taimaka wajen sauya fahimtar masana game da yadda ƙasar da Guangzhou ke zaune a kai ta samu. Bayan rasuwarsa kuma binciken da aka yi a wurare masu nisa, daga arewacin Amurka har ƙarƙashin tekun Fasifik, ya nuna inda ruwan da ya sassaƙa dutsen Qixinggang ya samo asali.

Daga Kaiping zuwa Faransa

Wu Shangshi mutumin Kaiping ne da ke lardin Guangdong, yankin da ya yi suna wajen yawan mutanensa da ke tafiya neman arziki ƙasashen waje, su dawo su gina dogayen benaye masu kama da hasumiya a ƙauyukansu. Ya tashi ne a lokacin da daular Qing ke gab da faɗuwa, kuma yana yaro juyin juya halin 1911 ya kawo ƙarshen mulkin sarakuna a ƙasar.

Ya shiga jami'ar da Sun Yat-sen ya kafa a Guangzhou a 1924, wadda aka sanya wa sunansa a 1926 bayan mutuwarsa. Harshen Ingilishi ya fara karantawa, ya kammala a 1928. A shekarar da ta biyo baya ya samu tallafin karatu zuwa Faransa, inda ya koma fannin labarin ƙasa a jami'o'in Lyon da Grenoble, ƙarƙashin malamai irin su André Allix da Raoul Blanchard.

Grenoble gari ne da ke tsakiyar tsaunukan Alps, kuma Blanchard ya kafa cibiyar nazarin waɗannan tsaunuka a can. Tsarin koyarwar malaman Faransa na wancan zamani ya ginu ne a kan tafiya da ƙafa. Ɗalibi zai hau dutse, ya auna, ya zana abin da idonsa ya gani, sannan ya nemi dalilin da ya sa kwari ya yi faɗi a nan ya tsuke a can. A tsaunukan Alps shaidar tsohuwar ƙanƙara a fili take: kwaruruka masu faffaɗan gindi, da tarin tsakuwa da ƙanƙarar ta tura gabanta ta bari bayan ta narke. A irin wannan makaranta Wu ya koyi karanta tarihin wuri daga siffar ƙasarsa.

Ya koma gida a 1934, ya zama malami a sashen labarin ƙasa na tsohuwar jami'arsa. Sashen sabo ne a lokacin, domin a 1929 aka buɗe shi, kuma Bajamushe Wilhelm Credner ne ya fara shugabantarsa, daga baya wani Bajamushen mai suna Wolfgang Panzer ya gaje shi. Wu na cikin rukunin farko na 'yan ƙasa da suka karɓi ragamar wannan fanni daga hannun baƙi. Da yake ya iya Ingilishi da Faransanci, ya duƙufa wajen fassara manyan littattafan fannin zuwa Sinanci, ciki har da aikin Emmanuel de Martonne kan yanayin doron ƙasa da na Maurice Pardé kan halayen koguna.

Gardama a kan bakin kogi

Kogin Zhujiang, wanda ake kira Kogin Lu'ulu'u, haɗuwar manyan koguna uku ne: na yamma, da na arewa, da na gabas. Suna shiga teku ta mashigai takwas, bayan sun ratsa wani faffaɗan fili mai cike da rassan ruwa, gonakin shinkafa da tafkunan kifi. A yau duk duniya ta san yankin da sunan deltar Kogin Lu'ulu'u, kamar yadda mutanen Najeriya suka san yankin Neja Delta. A shekarun 1930 kuwa masana na gida da na waje suna ta gardama a kan ko yankin ya cancanci wannan suna.

Delta ƙasa ce da kogi ke ginawa a cikin teku da laka da yashin da yake ɗaukowa daga tudu. Masu musu sun ce bakin Zhujiang bai yi kama da na kogin Nilu ba, wanda ya bazu kamar mafici. Akwai duwatsu da tuddai barbaje a tsakiyar filin, ga kuma wani babban mashigin teku da ya kutso har kusa da Guangzhou. A ganinsu, filin kwari ne kawai da koguna suka shimfiɗa wa laka lokacin ambaliya.

Gardamar tana da amfani a aikace. A watan Yulin 1915 wata gagarumar ambaliya ta mamaye Guangzhou da kewayenta, ta hallaka ɗimbin jama'a. Mai son gina madatsa, ko yashe hanyar jiragen ruwa, ko tsare gona daga ruwan gishiri, dole ya san yadda ƙasar ta samu da kuma inda laka ke taruwa. Hanyar warware gardamar ita ce a samu hujja cewa teku ya taɓa kaiwa can cikin filin, sannan kogi ya cike shi daga baya.

Abin da ya gani a watan Mayun 1937

A tsakiyar watan Mayun 1937 Wu yana yawon bincike a kudancin birnin ya isa Qixinggang, wanda a lokacin gonaki ne ke kewaye da shi. Tudun na jan dutse ne mai haɗe da yashi da tsakuwa. A gefensa na kudu ya ga abubuwa uku a jere: gangaren dutse a tsaye kamar bango, kogon da ya shige cikin gindin bangon har samansa ya yi rumfa, da kuma wani fa mai laushin fuska da ya miƙe a gaban kogon yana ɗan gangarawa.

Wanda ya san bakin teku mai duwatsu ya san yadda waɗannan uku ke samuwa tare. Igiyar ruwa tana dukan gindin dutse a tsayi guda, tana jifansa da yashi da tsakuwa, har ta rarake shi. Idan ramin ya yi zurfi sai saman ya rufto, bangon ya ja da baya, a bar shimfiɗaɗɗen dutse a inda yake a da. A Qixinggang jerin duwatsun a karkace suke, amma fuskar fan ta yanke su a miƙe ba tare da bin karkatarsu ba, alamar cewa wani ƙarfi ne daga waje ya aske su a tsayi ɗaya. Wu ya yanke hukuncin cewa wannan tsohon bakin teku ne, ya kuma wallafa gajeren rahoto a jaridar jami'ar cikin 'yan kwanaki.

Ma'anar hukuncin a fili take. Idan igiyar teku ta taɓa dukan wannan tudu, to filin da ke tsakaninsa da teku a yau duk ruwa ne a da, tuddan da ke barbaje a cikinsa kuma tsibirai ne. Kogunan uku ne suka riƙa zuba laka a cikin wannan mashigi har suka haɗe tsibiran da juna. Ke nan yankin delta ne, sai dai irin wadda ta girma a cikin mashigin teku mai tsibirai, shi ya sa siffarta ta bambanta da ta Nilu.

Jami'a a kan hanyar gudun hijira

Bai samu sukunin zurfafa binciken ba. A watan Yulin 1937 yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Sin da Japan, jiragen sama suka fara ruwan bama-bamai a kan Guangzhou, kuma a ranar 21 ga Oktoban 1938 birnin ya faɗa hannun sojojin Japan. Jami'ar ta kwashe malamai da ɗalibai da abin da ta iya ɗauka na littattafai zuwa Chengjiang da ke lardin Yunnan, can kudu maso yammacin ƙasar. A 1940 ta dawo garin Pingshi da ke tsaunukan arewacin Guangdong, kusa da iyakar lardin Hunan, inda aka rarraba sassanta a ƙauyuka.

A cikin wannan hali Wu ya shugabanci sashen labarin ƙasa, daga 1939 zuwa 1945. Kayan aiki sun yi ƙaranci, tsadar rayuwa ta cinye albashin malamai, amma tsaunukan da suka fake a ciki sun zame masa ajin karatu. Ya riƙa fita da ɗalibansa a ƙafa suna auna koguna da kwaruruka, suna zana taswira. Ya yi nazarin jajayen duwatsun arewacin Guangdong masu tsayuwa kamar ganuwa, irin su Jinjiling da ke Pingshi da kuma tsaunin Danxia. Wannan nau'in duwatsu ne hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2010. Ya kuma yi bayanin cewa tsaunukan Nanling, da ake ɗauka a matsayin dogon jeri guda da ya raba tsakiyar Sin da kudancinta, rukunoni ne daban-daban da ke da hanyoyi a tsakaninsu.

A watan Janairun 1945 sojojin Japan suka kai ga Pingshi, jami'ar ta sake watsewa. Bayan kammala yaƙin Wu ya dawo Guangzhou da raunin jiki sakamakon wahalar shekarun hijira. A 1947 shi da ɗalibinsa Zeng Zhaoxuan suka wallafa nazarinsu kan deltar Kogin Lu'ulu'u, wanda ya tattara hujjojin da ya fara tarawa shekara goma kafin nan. A watan Satumban wannan shekara rashin lafiya ta yi ajalinsa a Guangzhou. Zeng ya ci gaba da aikin, ya zama ɗaya daga cikin fitattun masana siffar ƙasa a kudancin Sin.

Ruwan da ya taso daga ƙanƙara

Wu ya rasu kafin a samu hanyar sanin shekarun abin da ya gano. A ƙarshen shekarun 1940 ne Willard Libby na Amurka ya ƙirƙiro dabarar auna shekarun ƙashi da itace da bawon dodon koɗi ta hanyar sinadarin kabon da ke jikinsu. Da aka yi amfani da ita a kan lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin deltar, sai aka gane cewa teku ya kai iyakar kutsowarsa yankin Guangzhou ne kimanin shekaru 6,000 da suka wuce.

Labarin ya faro ne tun kimanin shekaru 21,000 da suka shige, lokacin da sanyin duniya ya kai matuƙa. Ƙanƙara mai kaurin da ya kai kilomita uku a wasu wurare ta lulluɓe mafi yawan Kanada da arewacin Turai. Ruwan da ya daskare a cikinta daga teku ya fito, don haka tekunan duniya suka sauka da kimanin mita 120. A kudancin Sin gaɓar teku ta ja baya da fiye da kilomita 100, tsibiran Hainan da Taiwan suka haɗe da babban yanki, Kogin Lu'ulu'u kuma ya riƙa gudana a kan busasshiyar ƙasar da a yau take ƙarƙashin ruwa. Jiragen bincike sun gano tsofaffin hanyoyinsa binne a cikin laka a gindin tekun kudancin Sin.

Da duniya ta fara ɗumama, ƙanƙarar ta riƙa narkewa tana ja da baya. A wurare da dama ruwan narkewar bai samu hanyar zuwa teku ba, saboda ragowar ƙanƙarar ta tare masa gaba kamar madatsa, sai ya taru ya zama manyan tafkuna. Madatsar ƙanƙara kuwa ba ta da tabbas. Idan ruwa ya yi zurfi yakan ɗaga ta ko ya huda ƙarƙashinta, tafkin ya fashe gaba ɗaya.

A daidai shekarun da Wu ke karatu, wani masanin Amurka mai suna J Harlen Bretz yana fama da takwarorinsa a kan wannan batu. Tun 1923 ya ce busassun kwaruruka da manyan ramukan da ke gabashin jihar Washington aikin wata ambaliya ce da ba a taɓa ganin irinta ba. Manyan masana suka yi watsi da maganarsa, musamman a wani taro da aka yi a birnin Washington a 1927. Daga baya aka tabbatar cewa tafkin Missoula da ke jihar Montana, mai zurfin kusan mita 600 a bakin madatsarsa, ya fashe sau da dama, ruwansa yana ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Sai a 1979, yana da shekara 96, aka ba Bretz lambar Penrose, mafi girma ta ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka.

Sawun waɗannan ambaliyoyi bai tsaya a tudu ba. Ruwan Missoula ya bi kogin Columbia ya shiga tekun Fasifik ɗauke da yashi da laka, waɗanda suka ci gaba da gangarawa a gindin teku. A 1996 wani jirgin haƙa ya tono kaurara-kauraran shimfiɗun wannan yashi a kwarin Escanaba da ke ƙarƙashin teku daura da arewacin California, kimanin kilomita 1,000 daga bakin kogin. A 2007 masu bincike na Kwalejin Imperial da ke Landan, ta amfani da na'urar da ke aika sauti zuwa gindin ruwa, suka nuna wani ƙaton kwari mai dogayen tsibirai a ƙarƙashin mashigin da ya raba Ingila da Faransa, shaidar fashewar wani tafkin ƙanƙara da ya fara yanke Birtaniya daga Turai kimanin shekaru 450,000 da suka wuce. A gindin mashigin Hudson na Kanada kuma an ga tuddan yashi da lanƙwasassun layuka da manyan gutsattsarin ƙanƙara suka karta, lokacin da tafkin Agassiz ya yi fashewarsa ta ƙarshe fiye da shekaru 8,000 da suka gabata.

Girman tasirinsu a kan teku ya bambanta. Ruwan Missoula, duk da ɓarnar da ya yi a tudu, bai isa ya ɗaga tekunan duniya da santimita ɗaya ba. Na Agassiz, wanda ya ninka shi sau da yawa, ya isa ya ɗaga su da kusan rabin mita, kuma ana danganta shi da wani sanyi da ya ratsa arewacin duniya kimanin shekaru 8,200 da suka wuce. Mafi yawan mita 120 ɗin sun dawo ne ta narkewar ƙanƙarar kanta cikin dubban shekaru, wani lokaci a hankali, wani lokaci da gaggawa. Kimanin shekaru 14,600 da suka wuce teku ya hau fiye da mita goma cikin 'yan ƙarnuka, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka auna wannan hawa shi ne kudancin tekun kudancin Sin, inda aka haƙo ragowar itatuwan bakin teku da ruwa ya binne. Wannan ruwa ne, bayan ya cike tsohon kwarin Kogin Lu'ulu'u, ya iso gindin Qixinggang.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ma akwai irin wannan shaida, ko da yake ruwan sama ne sanadinta. Bayan ƙarewar zamanin ƙanƙara damina ta yi ƙarfi a yankin Sahara, Tafkin Chadi ya faɗaɗa har ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000. Dogon tudun yashin da ya ratsa ta Maiduguri zuwa Bama tsohuwar gaɓarsa ce, kuma kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe ta yanzu a 1987 ya kai kimanin shekaru 8,000.

Birnin da ke zaune a kan tsohon teku

A yau miliyoyin mutane ne ke zaune a filin da Wu ya nuna cewa teku ne a da. Masana'antun Dongguan da Foshan da Zhongshan, waɗanda kayansu ke cika kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, da yawansu a kan lakar da koguna suka zuba cikin shekaru 6,000 suke. 'Yan kasuwar Najeriya da Nijar da ke sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli domin sayen kaya, tafiyar ƙasa da sa'a guda ce a mota tsakaninsu da Qixinggang.

Irin wannan ƙasa ba ta da tsayi sosai a kan teku, kuma laka tana lotsawa idan aka ɗora mata nauyin gine-gine. Wani nazari da aka wallafa a 2013 tare da haɗin gwiwar Bankin Duniya, wanda ya duba manyan biranen bakin teku 136, ya sanya Guangzhou a sahun farko wajen yawan asarar dukiyar da ambaliya ke iya jawowa. Ƙanƙarar Greenland da ta Antatika, waɗanda su ne ragowar manyan shimfiɗun ƙanƙara a duniya, suna narkewa, tekuna kuma suna hawa. Barazanar da ke kan Guangzhou ita ce ke kan Legas da Iskandariya da sauran biranen da aka gina a bakin ruwa, shi ya sa masana ke komawa ga sawun tsofaffin ambaliyoyi domin sanin saurin da teku ke iya hawa idan ƙanƙara ta fara sakin ruwanta.

Birnin da Wu ya yi aiki a cikinsa ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyin wannan bincike. A nan hukumar binciken ƙarƙashin teku ta Guangzhou take, kuma a watan Nuwamban 2024 aka ƙaddamar da jirgin haƙa mai suna Meng Xiang a birnin, wanda aka ƙera domin ya iya haƙa har zurfin kilomita 11 daga saman ruwa. Qixinggang kuwa hukumomin birnin sun killace shi a matsayin wurin tarihi, an yi masa lambu, kuma malaman makarantu kan kai ɗalibansu su ga kogon da fan da ke gabansa, inda ake ba su labarin malamin da ya tsaya a wurin a watan Mayun 1937.